Masu injin niƙa da ƴan walda: ƙarar wurin aiki ce ke kashe musu kunne ko tsufa ne?

Maman Biyu:
Salamu alaikum ƴan gida. Akwai abin da ya daɗe yana damuna, kuma na san a zauren nan akwai ma'aikatan lafiya akwai masu sana'ar hannu. Kun lura kuwa duk mai injin niƙan da ya daɗe a sana'ar ba ya magana sai da ihu? Nan kartiyenmu Bukoki suna da yawa, ka gaida mutum ya tsaya yana kallon bakinka, ka ce masa gari mai laushi kake so ya barza maka. Yayan maigidana ma haka, bai kai hamsin ba amma rediyo sai ya ƙure ta, in an kira shi a waya sai ya miƙa wa yaro ya ce ji me suke cewa. A gida ana ta cewa tsufa ne, ni kuma na ce wane irin tsufa ne da ba ya kama kowa da wuri sai masu inji. Don Allah masu sani a yi mana bayani.

Ɗan Adar:
Wa alaikumus salam Maman Biyu, gaskiya kika hwaɗi. Nan Tawa ma hakanan ne, ki tahi inda masu buga tano suke yin akwati da murhu, wallahi ko gaisawa ba a yi sai da hannu. Kuma abin tausai ɗiya ƙanana ne cike da wurin.

Abban Sadiya:
Ni dai ina ganin ana kai maganar nesa. Gidanmu gidan maƙera ne, kakana guduma ya riƙe har ƙarfinsa ya ƙare, kuma har ya rasu in ka yi raɗa a zaure yana jin ka daga cikin ɗaki. Kunne yana sabawa da ƙara. Ranar farko kan ka zai yi ciwo, bayan wata guda shikenan ka saba. Kurumta kuma daga Allah take, akwai waɗanda ba su taɓa shiga maƙera ba kuma ba sa ji.

Anti Lafiya:
Wa alaikumus salam. Ni aikina kenan, ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro nake nan Yamai, to bari in ɗan tsawaita ku yi haƙuri.

Abban Sadiya, wannan sabon da kake faɗi shi ne ciwon kansa. Ƙarar ba ta ragu ba, jin ne ya ragu. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan abu a naɗe mai ruwa a ciki, a jikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi wajen 15,000 a kowane kunne, su ne ke juya motsin sauti ya zama saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su kamar shukar da dabbobi suka ratsa, in sau ɗaya ne za ta miƙe, in kullum nan ce hanyarsu sai wurin ya zama fili. Kuma a jikin ɗan adam wadda ta mutu ta mutu kenan, ba ta sake fitowa, ba allura ba ƙwaya ba tiyata da ke maido ta.

Abin da ya sa mutane ba sa ankara: ba ciwo, ba jini, ba ruwa. Kuma ba duka jin ke tafiya tare ba, siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, wajen 4,000 hertz (ma'aunin sirantar sauti ko kaurinsa), in muka yi gwajin ji za ka ga layin takardar ya yi rami daidai nan. To su s da sh da f da ts duk a sama-sama suke. Shi ya sa mutum zai ce miki "ina jin murya amma ban gane me ake cewa ba", musamman wurin suna ko kasuwa inda kowa ke magana. Maman Biyu wannan kallon baki da kike gani kuwa karanta leɓe yake yi ba tare da shi kansa ya sani ba.

Mai Inji Talaje:
Anti ni abin ya shafa kai tsaye. Injina na gazuwal ne, ɗaki ɗaya muke da shi da injin da bel da abin niƙan duka, rufin kwano, ƙofa ɗaya. Daga safe zuwa azahar ba ya mutuwa, da la'asar a sake tadawa, lokacin azumi kuwa ba a magana. In na rufe na taho gida kunnena na yin shuuu kamar an toshe da ruwa, sai bayan isha'i yake sakina. Da can da safe nakan tashi garau, amma yanzu akwai wani siririn wiii da ba ya barina ko da asuba. Wannan ɗin mene ne?

Anti Lafiya:
Malam mai inji, toshewar yamma gajiyar waɗannan ƙwayoyin ce, suna buƙatar awoyi da yawa cikin shiru kafin su farfaɗo, kai kuma kafin su gama ka koma. Wiii ɗin da ya zauna kuwa alama ce ta an fara asarar da ba ta dawowa. Ba tsorata ka nake ba, abin da ya rage maka yana da yawa kuma ana iya tsare shi, amma ka zo a gwada ka, kar ka jira.

Ga ma'aunin da ake aiki da shi. Da desibel ake auna ƙarfin ƙara, hira irin ta mutum biyu wajen desibel 60 ce. Iyakar da aka yarda da ita desibel 85 na awa 8 a rana. Kuma lissafinsa ba irin na kilo ba ne, duk ƙarin 3 ƙarfin ƙarar ya ninka, sai a raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, in ta kai 100 minti 15 kacal. Injin niƙa a rufaffen ɗaki da injin yankan ƙarfe na ƴan walda cikin sauƙi suke wuce 90, wani lokaci har 100. Ku kwatanta da awoyin da kuke yi. In ba na'ura, ga gwaji: mutum na tsaye nisan hannu ɗaya da kai, in sai ka ɗaga murya yake jin ka, kun kai 85 ko kun wuce.

Walda Katako:
Hajiya duk mun ji, amma a zo a ga aikin tukuna. Ni da kunne nake aiki, kar a ce in toshe shi. In disk ya fara tsagewa sautinsa na canzawa, in ban ji ba ya tarwatse a fuskar yaro fa? In gurup, injin ba da wuta, zai mutu ina ji tun daga nesa. Sannan kasken nan mai rufe kunne, a watan Afirilu a Katako ƙarƙashin kwano ki sa shi minti goma ki ga zufar da za ta cika miki kunne. Tabarau ma da kyar muka koya wa yara sawa, shi ma don ciwon ido a daren yake kama mutum yana hawaye har safe, ya ji a jikinsa. Kunne kuwa sai bayan shekaru, wa zai yarda.

Baba Tsohon Ma'aikaci:
Ɗana mai walda, ni zan amsa maka, don maganar da ka yi ita muka yi muna samari. Na yi aiki wani kamfanin gina hanyoyi, wurin injin fasa dutse anka aje ni. Farkon zuwanmu ba kowa ke sa komi ba, wanda ya damu shi tura auduga. Daga baya anka kawo kaske da ƴan robobin toshe kunne, munka rataye su ga wuya, sai in babba ya taho zagaye a ɗora, shina juya baya a cire. Muna ganin ragwanci ne.

Yau ga ni. Sallar Juma'a in ban samu sahun gaba ba huɗuba ta wuce ni. Jikokina in sunka yi mani magana sai in yi murmushi in ce to, ban ji komi ba, har ƙaramar ta daina zuwa ba ni labarin lakwal don ta gaji da maimaitawa, wannan ya fi komi yi mani ciwo. Wurin zaman makoki ko ɗaurin aure ina zaune cikin mutane amma ni kaɗai nike. Wasu na cewa girman kai ya kama ni, an gaishe ni ban amsa ba. Da dare in gari ya yi tsit sai ƙugin ya taso cikin kai, wani dare sai na kunna rediyo a hankali kahin in samu barci. Abokan aikina da munka rage, in munka haɗu kowa ihu yake ma ɗan'uwanai.

Kai da kake cewa da kunne kake aiki, to shi ya kamata ka fi kowa tsaron shi.

Maman Biyu:
Allah sarki Baba, maganar jikar nan ta taɓa ni wallahi. Allah ya ƙara lafiya.

Walda Katako:
Amin. Baba na ji, ban ƙi ba. Amma batun jin disk ɗin fa har yanzu yana nan.

Anti Lafiya:
Robar ba ta mai da kai kurma, ragewa take yi, in an sa ta daidai tana iya cire desibel 15 zuwa 30. Inji mai 100 ya dawo wajen 80, kana jin sa sarai, kuma mai lafiyayyen kunne sau da yawa ya fi gane sauti da magana cikin ƙara in ya toshe, don kunnen bai cika ya tumbatsa ba. Kwana kaɗan ne za ka saba da sabon sautin injinka. Batun zafi kuma ka yi gaskiya, shi ya sa ni ƴan soson nan masu laushi da ake turawa ciki nake cewa a nema, ba kaske ba. Auduga kam kusan ba ta rage komai, kar a dogara da ita.

Malamin Tarihi:
Ku ba ni wuri in koma kan maganar Abban Sadiya don ba banza ya faɗa ba, sai dai akwai abin da ya canza tsakanin zamanin kakansa da yau.

Da farko dai ciwon tsoho ne. Wani likitan Italiya, Ramazzini, wanda ya rubuta littafi kan cututtukan masu sana'a a 1700, a bugun 1713 ya kawo maƙeran tagulla na birnin Benis, ya nuna yawan bugu na rage musu ji, in sun tsufa a aikin su kurumce. A 1886 wani likita Thomas Barr a Gilasgo ya duba mutum 100 masu ƙera manyan tukwanen tururi na jiragen ruwa, ya gwada su da masu raba wasiƙu, bambancin ba kaɗan ba. Mutanen nan cikin tukunyar ƙarfe suke shiga ana buga ƙusa daga waje. Sannan batun tsufa: a 1962 likita Samuel Rosen ya fitar da binciken da ya yi wurin ƙabilar Mabaan, can kusa da iyakar Habasha a ƙasar da yanzu take Sudan ta Kudu, mutanen da ba inji ba bindiga a rayuwarsu, ya tarar tsofaffinsu na ji fiye da sa'o'insu na Amurka nesa ba kusa ba. Ashe wani kaso na abin da muke kira tsufa ƙarar da aka tara ce.

To a nan gida fa? Maƙerin dā jan ƙarfe yake bugu, wanda ya fito daga wuta ya yi laushi, sautinsa a danne yake. A rumfa yake ko gindin bishiya, ƙarar na watsewa. Yana bugu yana tsayawa a zuga, kuma aikin na da lokaci, gab da damina ake rububin hauya da galma, in ruwa ya sauka shi ma gona ya nufa. Jikansa kuwa sanyin ƙarfe yake bugu, tano da kwano masu amsa kuwwa, ga injin yanka ga gurup a gefen ƙafarsa in wuta ta ɗauke, safe zuwa magariba, rani da damina. Sana'ar ɗaya ce a suna amma abin da ke shiga kunne ba ɗaya ba ne. Haka niƙa, uwayenmu turmi da dutsen niƙa suka sani, bayansu ya sha wahala amma kunnensu lafiya.

Manyan injuna sun shigo mana da siminti na Malbaza tun shekarun 1960, da uranium na Arlit da aka fara fitarwa a 1971, sai wurin haƙar uranium na Akuta a 1978 wanda aka rufe a 2021. Amma waɗannan mutum nawa suka ɗauka in aka gwada da yau? Yanzu kowace unguwa akwai inji, kowane lungu gareji, kuma tun da zinariya ta ɓulla a Jado da Cibarakaten a 2014 samarinmu da yawa suka tafi can suna kwana kusa da kwamfaresa da injin niƙa dutse. A Turai da Amurka abin ya tafi akasin haka, suka sa doka, masana'antu suka rage ƙara ko suka ƙaura wasu ƙasashe, sababbin kamuwa suka ragu, duk da haka ma'adinai da gini har yau su ne kan gaba. Mu kuwa ƙarar barin manyan wurare ta yi ta shigo cikin unguwa inda babu mai aunawa.

Abban Sadiya:
Malam batun jan ƙarfe da sanyin ƙarfe gaskiya ne, duk ɗan maƙera ya san wannan. Amma har yanzu ina da ja. A garinmu kurame da na sani yawancinsu sanƙarau ne ya bar su haka tun suna yara, wasu kuma ciwon kunne mai ruwa. Kar a ɗora wa inji komai a sa mutane su tsani sana'arsu.

Anti Lafiya:
Ba wanda ya ce komai inji ne. Ƙasarmu na cikin yankin sanƙarau, ko a 2015 mun ga abin da ya yi a Yamai, kuma yana barin kurumta. Akwai ƙyanda, akwai kunne mai ruwa da aka bari ya daɗe, akwai magunguna irin jentamisin da sitiraftomisin in an yi su ba bisa ƙa'ida ba, kinin ma kowa ya san yadda yake sa kunne ƙugi. Hukumar lafiya ta duniya na danganta wajen kashi 16 cikin 100 na kurumtar manya da ƙarar wurin aiki, ka ga ba duka ba ne, amma kashin ne da ba ya buƙatar allurar rigakafi ko kuɗi mai yawa kafin a hana shi. Kuma abubuwan na haɗuwa, mai fentin mota da ke shaƙar sinadarin narka fenti cikin garejin da ake bugun kwano, nasa ya fi saurin lalacewa.

Yadda muke bambancewa: na ƙara yakan kama kunne biyu kusan daidai, a hankali, da ramin nan da na faɗa. In kunne ɗaya ne ya mutu farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, wannan gaggawa ce, a zo asibiti nan take. Kuma don Allah a daina ɗiga man ja da ruwan albasa da turare a kunne, muna ganin abin da suke jawowa.

Direban Kamiyo:
Ni kunnen hagu ne ya fi yi min nauyi, ɓangaren taga, hanyar Yamai Konni Tawa Agadas gilas a sauke iska na bugu injin na ƙarƙashina. Tsofaffin direbobi da yawa haka suke juyo maka da kunnen dama. Yanzu kuma aparantina ekutar ne a kunnensa dare da rana ya ƙure waƙa don ta rufe ƙarar mota.

Anti Lafiya:
Wannan ƙara kan ƙara kenan, ka hana shi. Direbobi da masu harbi ana yawan samun ɓangare ɗaya ya fi, harbin bindiga ma na wuce desibel 140, sau ɗaya na iya yin ɓarna.

Ɗan Adar:
To ni tambayata ina hukuma? Ba doka ne ko mi? Mutum shi ƙare ƙuruciyarshi cikin aiki shi fito kurma ba mai ba shi ko dala?

Mai Karatun Doka:
Doka akwai. Kundin dokar aiki na Nijar na 2012 ya ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata nauyin tsare lafiyarsu, kuma ciwon da aiki ya jawo ta hannun CNSS, asusun ƙasa na kula da ma'aikata, ake biyan diyyarsa. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya ma na da yarjejeniya mai lamba 148 ta 1977 kan gurɓatar iska da ƙara da girgiza a wurin aiki. A Faransa tun 1963 suka sa kurumtar ƙara cikin jerin cututtukan aiki, Tarayyar Turai kuma a 2003 ta ce daga desibel 80 a tanadi abin toshe kunne, a 85 sawa dole, 87 ba a ƙetare ta.

Amma duk wannan mai takardar aiki yake kamawa, wanda aka yi wa rajista ake zuba masa kuɗi. Yaron gareji fa? Ubansa ne ya kamo hannunsa ya kawo, ba kwantaragi ba albashi sai kuɗin abinci. Mafi yawan masu aiki a ƙasar nan haka suke. Kuma ko mai takardar, in ba a gwada jinsa ranar da ya shiga ba, da me zai nuna a wurin ya rasa shi? Shawarata ga duk mai aikin kamfani ya nemi a yi masa gwajin ji yanzu, ya karɓi kwafin takardar ya ajiye a gida.

Walda Katako:
Kun gani, an zagayo an dawo kanmu masu gida. Ni ma fa a hannun wani na tashi ba wanda ya ba ni komai. Haya, wuta, haraji, ƙarfe ya yi tsada, yanzu kuma a ce ni ne mai laifin kunnen yara.

Maman Biyu:
Yaya ba laifi ake nema ba, amma yaran nan amana ce aka ba ka. Ni wani abu ma nake so in ƙara da ba a taɓo ba, mata. Ku leƙa wurin niƙa da hantsi ku gani, ƴan mata ne jere da kwanoni suna jiran layi a bakin injin, wata da goyon ƙaninta a baya kansa daidai saitin bututun hayaƙi, jaririn ya yi kuka ya gaji ya yi barci a cikin wannan ƙarar. Masu ƙosai da masu kunu kullum ta Allah suna can. Akwai yarinyar maƙwabtanmu da ake ta duka wai taurin kunne gare ta ba ta amsa kira, a lakwal ma tana baya, sai da aka kai ta asibiti aka ce ba ta ji sosai. Ban ce inji ne ba, amma tun tana goye uwarta ke aiki a wurin.

Baba Tsohon Ma'aikaci:
Ɗiyata kin taɓo babba. Mu ko banza da girmanmu munka shiga.

Anti Lafiya:
Jariri kam a nisanta shi, ba a sa masa soso, a bar shi gida ko a jira daga nesa. Kuma ku san masu duba kunne kaɗan ne, rahoton hukumar lafiya ta duniya na 2021 ya nuna kusan kashi 78 cikin 100 na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da ko ƙwararren likitan kunne ɗaya ga mutum miliyan. Na'urar ƙara ji tana taimakawa amma da tsada, ga batir ga ƙura ga zufa, kuma ba ta maido ji irin na asali. Shi ya sa nake nacewa a kan tsarewa.

Kuma soso shi ne na ƙarshe, gyaran injin ya fi shi. Malam mai inji, abin da ya fi komai a wurinka shi ne a raba injin gazuwal da ɗakin niƙa, ko da katangar bulo ce bel ya ratsa ta rami. A sa salansa mai kyau a fitar da bututun waje sama. A shimfiɗa tsohuwar taya ƙarƙashin ƙafafun injin, a ɗaure notocin da suka saki, kwanon da ke karkarwa a danne shi, a riƙa sa giris. A fili, duk lokacin da ka ninka nisanka da inji ƙarar na sauka da wajen desibel 6, to benci na masu jira a kai shi can gefe. Mai walda kai ma gurup ɗinka a ja shi baya da doguwar waya, yanka da bugu a ware musu gefe guda, yaran su riƙa karɓa-karɓa kar yaro ɗaya ya yini kan disk.

Walda Katako:
Na gurup ɗin mai sauƙi ne, waya ce kawai. Soson kuma ya ake sa shi? Na taɓa ganin wasu sun sa ya leƙo waje yana faɗowa. Kuma yaran nan na san su, in ɗaya ya sa sauran za su yi ta masa dariya.

Anti Lafiya:
Da hannu mai tsabta, ka murza shi tsakanin yatsu ya zama siriri, ka zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai ka ja kunnen sama da baya, ka tura, ka riƙe da yatsa kamar daƙiƙa 30 ya kumbura a ciki. In ya zauna daidai muryarka za ta yi maka wani iri, kuma mai kallon ka ta gaba da kyar zai gan shi. In ya yi baƙi ko ya daina kumbura a jefar, kuma kowa da nasa, ba a aro. Ka tambaya a farmasi ko wurin masu sai da kayan gini.

Baba Tsohon Ma'aikaci:
Batun dariya kuwa, kai za ka fara sawa. In maigida ya sa ba yaron da za ya yi dariya. In kuma sun ƙi, ina Yamai wajen ɗana har bayan salla, ka aiko mashin shi ɗauke ni in zo su yi mani magana su ga sau nawa za su maimaita.

Abban Sadiya:
Ni har yanzu ina ganin jiki da jiki akwai bambanci, wani zai shekara talatin bai kurumce ba. Amma zan tura wa ƙannena da ke maƙera bayanin awoyin nan.

Anti Lafiya:
Akwai bambanci ƙwarai, sai dai ba a gane mai ƙarfin kunne da marar ƙarfi tun farko, sai bayan ɓarnar ta faru.

Mai Inji Talaje:
Taya da notoci gobe in sha Allahu, salansa kuma sai na je Katako na duba ta hannu. Katangar ce matsala don shagon haya ne, maigidan ba ya son a taɓa gini. Mai Karatun Doka, in na gina da kuɗina akwai yadda za a rubuta a cire min a haya? Anti kuma wace rana kuke gwajin, da safe zan zo ko in bari sai ranar da ban tada inji ba?

Anti Lafiya:
Ka zo da safe kafin ka tada shi, kunnen ya kwana cikin shiru aƙalla awa 14, in ba haka ba gajiyar ranar za ta shiga cikin sakamakon. Ka taho da yaron da ke zuba maka hatsi a inji, shi kansa ya fi naka kusa da bakin.